TSIRO MAI CIN ƘWARI: SHUKA IRINSA DA RENON 'YA'YANSA A KANO

Kowane manomi ya san ƙwaro ne ke cin shuka. Fara ta ci gero, tsutsa ta huda masara, gara ta cinye kara, ƙwaron rumbu ya mai da wake gari. Amma cikin ikon Allah akwai waɗansu tsire-tsire da suka juya al'amarin, watau su ne ke kama ƙwaro su ci. Wannan ba tatsuniya ba ce. Masana sun ƙidaya irinsu sama da 700 a duniya, waɗansu kuwa suna nan cikin fadamun ƙasar Hausa, ana wucewa ba a lura da su ba.

Yanzu da hotunansu suka yawaita cikin wayar hannu, ba abin mamaki ba ne akawu ko ɗan kasuwa ko mai sayar da furanni ya yi sha'awar shuka su. Balle a Fagge da Sabon Gari, inda gidaje suka cushe, babu filin noma sai tukunya a baranda ko a tsakar gida. To, amma sai a yi hattara. Duk gatan da manomi ya saba yi wa shuka don ta yi kyau, shi ne ke kashe waɗannan. Wanda ya sayi iri da tsada, ya zuba masa taki, ya ba shi ruwan rijiya, ya binne kuɗinsa ke nan.

DON ME SUKE CIN ƘWARI?

Yunwa ce ta kai su. Suna fitowa ne a wuraren da ƙasa ke jiƙe kullum, ruwa ya wanke ta, ba sauran abinci a cikinta. Abin da manomi ke nema cikin yuriya da supa, watau naitirojin da fosforas, shi ne ya yi musu ƙaranci. Gyaɗa da wake suna samun naitirojin ta 'yan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu. Ƙuduji yakan manne a saiwar dawa ya tsotsa. Su kuwa waɗannan sai suka mai da ganyensu tarko, ƙwaro ya zama takinsu. Ƙarfin girma dai daga hasken rana suke samu kamar kowane tsiro.

Baturen nan masani Charles Darwin ya rubuta littafi guda a kansu a 1875. A 1878 ɗansa Francis ya bayyana wani gwaji da ya yi. Ya raba tsire-tsirensa kashi biyu, yana ciyar da kashi ɗaya, ya hana ɗayan. Waɗanda aka ciyar suka fi fure, suka fi yawan iri nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani abin lura daga Afirka ta Yamma. Cikin dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kodebuwa akwai wani tsiro mai yaɗo, sunansa Triphyophyllum peltatum, wanda ba kullum yake fid da ganyen tarko ba. A 2023 masana na jami'o'in Hannover da Würzburg a Jamus suka gano rashin fosforas ne ke sa shi fid da ganyen nan mai danƙo. In ya ƙoshi, ba ruwansa da ƙwaro.

IRE-IRENSU

Don sauƙin karatu, a nan an ba kowanne suna da Hausa gwargwadon siffarsa.

Na farko shi ne mai raɓa, wanda masana ke kira Drosera. Ganyensa cike yake da gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a kansa yana ƙyalli kamar raɓar safiya. Ƙwaro ya sauka ya manne, gashin ya lanƙwaso a hankali ya rufe shi, ruwan ganyen ya narkar da shi. Akwai wani irinsa, Drosera indica, da ke fita a Arewacin Nijeriya, a wuraren rairayi masu danshi da gefen fadamun shinkafa. Yana da siririn kara da dogayen ganye kamar zare. Da damina yake fita, ya yi fure, ya zub da iri, ya mutu da shigowar rani.

Na biyu ita ce 'yar salka, watau Utricularia. Ma'anar sunan da Latin ƙaramar salka ke nan. Irin da ke cikin ruwa ba ta da saiwa, yawo take yi cikin tabki, jikinta cike da 'yan jakunkuna kamar ƙwayar gero. Kowace jaka na da ƙofa. In ɗan ƙwaron ruwa ya taɓa gashin bakin ƙofar, sai ta buɗe ta zuƙe shi, da saurin da ido ba ya gani. Wadda ake kira Utricularia stellaris tana ɗaga fure rawaya bisa ruwa, ƙarƙashinsa da waɗansu kumburarrun rassa da suka bazu kamar tauraro suna riƙe shi kada ya nutse. Ana samunta a tabkunan Arewa. Dokta J. M. Dalziel, likitan nan da ya tattara sunayen itatuwa da Hausa cikin littafi a 1916, shi da John Hutchinson na lambun Kew a Ingila sun sa mai raɓa da 'yar salka cikin babban littafinsu na tsire-tsiren Afirka ta Yamma, wanda aka fara bugawa a 1927.

Na uku shi ne tarkon ƙuda, Dionaea muscipula, wanda ya fi kowanne suna. Ganyensa kamar baki ne mai haƙora. Ciki akwai 'yan gashi, in ƙwaro ya taɓa sau biyu a jere kafin rabin minti ya cika, sai bakin ya rufe kaf. Asalinsa daga wani ɗan yanki ne na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, kewayen garin Wilmington. Saboda yawan satarsa, tun Disamba 1, 2014 tono shi daga daji ya zama babban laifi a Karolina ta Arewa.

Na huɗu su ne masu tulu. Nepenthes na ƙasashen Asiya masu yawan ruwa da tsibirin Madagaska yana rataye 'yan tuluna a ƙarshen ganyensa, ƙwaro ya zame ya faɗa ciki. Sarracenia na Amurka ta Arewa kuwa ganyensa a tsaye yake kamar kakaki.

WANNE YA DACE DA KANO?

Nan ne mutum ke fara kuskure, don ido yakan tafi ga wanda ya fi ban sha'awa. Tarkon ƙuda yana bukatar hutun sanyi kamar wata uku kowace shekara, sanyin da ya fi na hunturun Kano. In bai samu ba, sai ya yi ta ramewa har ya mutu. Masu renonsa a ƙasashen zafi sai sun sa shi cikin firji, wannan kuwa sai da wutar lantarki tsayayya. Ga shi kuma daga iri zuwa girma yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5. Irin Sarracenia ba ya tsira sosai sai ya yi mako 4 zuwa 6 cikin sanyi da danshi tukuna. Nepenthes yana son iska mai laima, irinsa kuma ba ya daɗewa yake mutuwa. Iskar hunturu maƙiyiyarsa ce.

Saboda haka wanda zai fara, ya fara da mai raɓa na ƙasashen zafi, ko Drosera indica na gida, ko Drosera burmannii na Asiya da Ostireliya, wanda ke kwance a ƙasa, faɗinsa bai fi na kwabo ba. Dukansu biyu cikin 'yan watanni suke gama rayuwarsu. In an shuka a Yuni, ana iya tara iri kafin ƙarshen Oktoba. Watau renon duka zai faɗo cikin damina, lokacin da ruwan sama ke samuwa kyauta, iska kuma da laima. Wanda ya iya wannan shekara biyu a jere, sa'an nan ya gwada masu wuya.

WAJEN SAYEN IRI

Ana tallar iri a intanet da hotunan tarkon ƙuda shuɗi ko mai launin bakan gizo. Babu irin wannan a duniya. Launinsa kore ne ko ja, ko haɗin biyun. Irinsa na gaskiya baƙi ne wuluk, mai sheƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba. Irin mai raɓa kuwa kamar ƙura yake. Wanda aka aiko masa da ƙwayoyi manya kamar na alayyafo ko na kuɓewa, an cuce shi. Araha ba ta ado.

Ɗan kasuwan da zai shigo da iri daga waje ya sani doka ta ce sai da izinin hukumar NAQS, wadda ke tsare ƙasa daga shigowar cututtukan shuka da na dabbobi. Ya kuma tambayi watan da aka girbe irin, don sabon iri ya fi tsira. Wanda kuwa ya ci karo da mai raɓa a fadama, ya tsinki 'yan kwanson iri kaɗan da suka bushe, kada ya tuge tsiron. In ya tuge, bai yi rai a gida ba, ya kuma hana fadamar na baɗi.

RUWA SHI NE KAN GABA

Saiwar waɗannan tsire-tsire ba ta jure gishiri ko kanwa ko alli. Ruwan rijiya da na burtsatse da na 'yan garuwa galibi suna ɗauke da waɗannan, ko da harshe bai ji ba. Kullum rana na shanye ruwan tukunya, gishirin yana nan yana taruwa, har a ga fari-fari a bakin tukunyar. Kafin a ga wannan, saiwa ta riga ta ƙone. Tafasa ruwa ba ya fid da gishiri, ƙara masa kauri ma yake yi.

Ruwan Jakara, wanda masu lambu a Kwakwaci ke shayar da latas da alayyafo da shi, ya fi kowanne muni ga wannan aiki, don cike yake da dattin gari. Abincin wani, gubar wani.

Ruwa uku ne suka dace. Na ɗaya ruwan sama. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi, sa'an nan a tara. Lissafinsa mai sauƙi ne: rufin kwano mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, in an yi ruwa na milimita 25, watau inci ɗaya, zai zubo da lita 500, jarka 20 ke nan. A tara cikin duron roba mai murfi. Na biyu ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda akawu ke gani yana zuba a banza bayan ofis. Na uku tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, amma a tabbata ba mai asid ba ne. Akwai wani ɗan ma'auni kamar alƙalami da ake tsomawa cikin ruwa ya nuna yawan gishirinsa. In ya nuna ƙasa da 50, ruwan ya yi.

ƘASA DA TUKUNYA

Ba taki ko kaɗan. Ba na shanu, ba na kaji, ba kamfa, ba toka, ba ƙasar bola. Abin da masu reno ke amfani da shi, shi ne ruɓaɓɓen gansakuka na ƙasashen sanyi, wanda ake kira fitmos, a gauraya da yashi. A duba buhun da kyau, don akwai wanda aka riga aka sa wa taki. In ba a samu ba, a nemi dusar ɓawon kwakwa. Ita tana da gishiri, sai an jiƙa ta cikin ruwan sama an matse, an sake, kwana da kwanaki, tukuna ta yi.

Yashin ya zama na kogi mai ɗan kauri, a wanke shi har ruwan ya fito garau. A ɗiga masa ruwan lemun tsami a gwada. In ya yi kumfa, akwai alli a ciki, a zubar. Ga mai raɓa na gida, awo biyu na yashi da awo ɗaya na fitmos ya isa. In an gauraya, a kwarara masa tafasasshen ruwan sama don kashe irin ciyawa da fumfuna, a bari ya huce.

Tukunya ta zama ta roba mai huji a gindi, zurfinta kamar inci 4. Ta ƙasa da ta siminti da gwangwani duk suna sakin abin da ke cutar da saiwa. A ajiye tukunyar cikin faranti ko tire na roba, a zuba ruwa cikin farantin kamar rabin inci, ƙasar ta riƙa sha daga ƙasa.

SHUKA

A daidaita fuskar ƙasar da bayan cokali. A zuba irin bisa farar takarda, a ninka ta, a riƙa ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana zuba a warwatse. Kada a yi wannan a bakin iska ko ƙarƙashin fanka. Kada kuma a rufe irin da ƙasa, don yana bukatar haske kafin ya tsira. Manomi ya saba binne iri, amma nan binnewa kisa ce. A shuka kaɗan-kaɗan cikin tukunyar da zai zauna, domin mai raɓa na gida ba ya son dashe.

A rufe bakin tukunyar da farar leda, a huda ta wuri huɗu ko biyar. A ajiye inda haske ke da yawa amma rana ba ta bugawa kai tsaye, gama rana bisa rufaffiyar leda dafa iri take yi. A rubuta sunan irin da ranar shuka.

Daga nan sai haƙuri. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin ya tsira, wani ma ya fi haka. Kada a zubar da tukunya don an ga wata ya wuce ba kome.

RENON 'YA'YAN

Ɗan tsiron yakan fito kamar kan allura, da ganye biyu marasa gashi. Ganyen da ke biye shi ne mai raɓa. Da an ga wannan, a riƙa ƙara hujin ledar kowane kwana biyu, cikin mako biyu a cire ta duka. A kuma riƙa matso da tukunyar wajen ranar safe kaɗan-kaɗan. Raɓa mai yawa da ɗan ja-ja a gashi alamar lafiya ce. Dogon kara fari-fari ba raɓa, alamar ƙarancin haske ce.

Kada a zuba ruwa ta sama, don ɗigo ɗaya yakan tuge ɗan tsiro. Da damina a sa tukunyar ƙarƙashin rumfa, kada ruwan indararo ko mamakon Agusta ya same ta. In an ga farar fumfuna kamar auduga, ko 'ya'yan suna faɗuwa daga gindi, iska ce ta yi kaɗan. A cire waɗanda suka kamu da tsinke, a buɗe wurin.

Ciyarwa tana sa su girma da sauri, amma da awo. In ganye masu raɓa sun kai uku ko huɗu, a daka busasshen shinge ko sauron da aka kashe da hannu, a ɗauki ɗan mitsitsi a kan tsinken sakace, a ɗora a ganye ɗaya, sau ɗaya cikin mako biyu. Ban da nama, ban da tuwo, ban da soyayyar fara ta kasuwa, don tana da mai da gishiri. Ban da kuma ƙwaron da fiya-fiya ko maganin feshi ya kashe. Abinci in ya yi yawa ruɓar da ganye yake yi. Tukunyar da ke waje ma, in tsiron ya ɗan tasa, da kansa zai kama rabonsa.

In fure ya bushe, kwanson ya yi baƙi, a tsinke a girgiza bisa takarda. A adana irin cikin ambulan, ba cikin leda ba, a wuri mai sanyi marar danshi, har damina ta zagayo. Mutuwar uwar bayan wannan ba asara ba ce, ajalinta ke nan.

Wanda ke riƙe da irin da ke wuce shekara, yana da yaƙi biyu a gabansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana dusashe raɓar, busasshiyar iska tana shanye ta, sai a kare tukwanen da leda ta ɓangaren da iska ke fitowa. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yakan kai digiri 40, baƙar tukunya tana dafa saiwa. A naɗe ta da farin ƙyalle, a kai ta inuwa tun hantsi, a duba farantin safe da yamma.

BATUN SAURO

Wajibi ne a faɗi wannan a fili, don kada mai talla ya ruɗi jama'a. Waɗannan tsire-tsire ba maganin sauro ba ne. Abin da tukunya ɗaya za ta kama bai taka kara ya karya ba. Gidan sauro mai magani yana nan a matsayinsa. Hasali ma ruwan farantin nan yana iya zama wurin haihuwar sauro, don da zafi kamar mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. Saboda haka a zubar da ruwan farantin, a goge shi kowane kwana biyar, duron kuma kada a bar shi buɗe.

Haka ma 'yar salka. Ta fi sauƙin reno da ɗan reshe cikin bahon ruwan sama da a ce da iri, tana kuma kama ƙananan tsutsotsin sauro, amma manya sukan tsere mata. A rufe bahon da raga. Mai ɗebo ta kuma kada ya shiga tabki ƙafa ba takalmin roba, saboda tsargiya.

AMFANIN ABIN

Ba abinci ba ne, ba kuma amfanin gona na sayarwa a buhu ba. Amma mai sayar da furanni da ya ƙware a kai ya sami hajar da maƙwabcinsa ba shi da ita, ba tare da ya sake sayen iri ba. Malamin makaranta ya sami abin nuna wa yara da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Manomi kuma ya sami darasi: kowace shuka da irin ƙasarta da irin ruwanta, yawan taki ba shi ne iya noma ba.

Wanda ya ga irin waɗannan tsire-tsire a fadamar garinsu, ya lura da wurin da watan, ya sanar da malamin gona na yankinsa ko malaman ilmin tsirrai na Jami'ar Bayero. Ana cike kududdufai ana gine-gine, ana mai da fadamu gonaki, abin da ba a san da shi ba kuwa ba a tsare shi. Mai niyyar gwadawa bana, ya nemi duro da murfi tun yanzu, kafin hadarin farko ya haɗo.